Jita mai siririyar murya, yadda nake ɗaure ta a Kasala

Duk wanda ya taɓa riƙe jita a gidan biki a nan Kasala ta Sudan ya san damuwar da zan faɗa. Mai orga, wato kibod, ya cika fili, gangar daluka tana dukan ƙirji, mata suna tafi da guɗa, kai kuma kana ta aikin yatsu amma ko wanda ke kusa da kai bai san me kake kaɗawa ba. Ka ƙara sautin lasifika, hayaniya ce kawai za ta ƙaru. Tsirkiyoyi ukun nan masu kauri na jita suna magana ne a daidai inda ganga da hannun hagun mai orga suke magana, su kuwa sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wurin da babu cunkoso yana can sama, kusa da muryar mata. Shi ya sa na ware jita guda na sauya mata tsirkiyoyi don ta hau can, kuma da ita nake zuwa duk bikin da na san akwai orga.

Saitin da kowa ya tarar shi ne Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga mai kauri zuwa siririya. Mu a Sudan da waɗannan sunaye muka koya. 'Yan'uwa na Kano da suka koya ta intanet za su fi sanin su da E, A, D, G, B, E. Mai kaurin tana girgiza kusan sau 82 a sakan guda, siririyar kusan sau 330, wato oktaf biyu cif ke tsakaninsu. Duk lokacin da girgiza ta ninka biyu, amon bai sauya suna ba, hawa kawai ya yi, wannan hawan shi ne oktaf guda. Makaɗan nan suna ce wa na ƙasan garar, na saman jawab. Wannan saiti yana da kyau, ba na raina shi. Amma mutane ne suka zauna a kai don ya dace da irin kiɗansu, ba wani abu ne da ba a taɓawa ba, kuma tun da can masu jita suke juya shi yadda waƙarsu ta nema.

Abin da ke fara zuwa wa mai koyo a rai shi ne ya murɗa kunnuwan jita ya ƙara ɗauri. Ɗan yayata ya shigo mini da tasa wata ranar Juma'a bayan la'asar, ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, "Kawu, duba mini ita, yatsuna sun kasa danne ta." Yarinyar da ke musu waƙa muryarta a sama take, shi kuma ba shi da kafo, ɗan abin da ake matse wa wuyan jita don ɗaga murya, sai ya ɗaga tsirkiyoyin shida gaba ɗaya da gaɓa uku, wato mataki uku na layukan da ke kan wuyan, ya bar ta haka mako da makonni a ɗakin kwano. Na ɗaga ta na hango ta daga kai zuwa gindi: wuyan ya lanƙwaso gaba, tsirkiyoyin sun yi nesa da itace har ƙaramin yatsana yana neman shiga ƙarƙashinsu a gaɓa ta 12. Na juya wajen jaki, inda tsirkiyoyin ke kama cikin jita, na zura katin waya a bayansa, sai katin ya shige kusan rabi. Gam ya fara saki, fuskar jitar ta kumbura a bayan jakin. Na ce masa, "Ɗana, sassauta su duka yanzun nan, kafin mu yi wata magana." Washegari muka kai ta wurin kafinta, ya ɗaga jakin, ya kankare tsohon gam, ya sa sabo ya matse shi kwana biyu. Ta tashi, amma kumburin fuskar bai koma duka ba har yau.

Lissafin da ke bayan wannan ba shi da wuya, kuma ina so duk mai jita ya riƙe shi. Duk gaɓa ɗaya da ka ɗaga tsirkiya ta hanyar ɗauri, jan da take yi wa itace yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100. Gaɓa uku, ya haura kashi 40. Jitar ƙarfe mai tsirkiyoyi masu kaurin lamba 12 zuwa 53, irin wadda aka fi samu, tana ɗauke da jan da ya haura kilo 70 dare da rana, kusan buhun siminti ɗaya da rabi rataye a wuyanta. Abin da yaron nan ya yi ya kai shi wajen kilo 100. Idan kuwa oktaf guda kake so a kan tsirkiya ɗaya ba tare da ka sauya ta ba, sai ka ninka jan sau huɗu, kuma babu tsirkiyar jitar da za ta kai can da rai.

Abu uku ne ke yanke amon tsirkiya: tsawonta, ɗaurinta da nauyinta. Ɗauri mun ga inda yake kai mutum. Tsawo shi ne aikin kafo, wanda ke gajarta tsirkiyoyin duka a lokaci guda ba tare da ya ƙara wa itace nauyi ba, kuma da yaron ya sa shi a gaɓa ta uku da ya sami abin da yake nema. Wasu ƙasashen ma jitar suka gajarta ɗungurungum. A Meziko akwai rekinto, ƙaramar jita da ake ɗaurewa gaɓa biyar sama da ta kullum, La, Re, Sol, Do, Mi, La. A Biyana ta ƙarni na 19 an yi yayin wata da ake ɗagawa gaɓa uku, har Mauro Giuliani ya rubuta mata kiɗa. Amma kafo yana cinye maka wuya: ka sa shi a gaɓa ta bakwai, fili ya ƙare, gaɓoɓin sun matsu, amon kuma ya gajarce ba ya daɗewa yana ƙara. Ni hanya ta uku na bi, wato nauyi. Ka cire tsirkiya mai kauri ka sa siririya, sai ta ba ka amo na sama da ɗauri daidai wa daida, ko ma ƙasa da na da.

Mafi sauƙin farawa, tsirkiya ɗaya ce tak. Masu jitar Kwango sun daɗe da ita: su cire ta huɗu idan ka ƙirgo daga siririyar, wato Re mai naɗin waya, su sa siririya irin ta farko a gurbinta, su ɗaure ta a Re na sama. Suna kiran saitin mi-kompoze, kuma ana danganta shi da Zacharie Elenga, wanda aka fi sani da Jhimmy, da ya yi tashe a Kinshasa wajen 1950, lokacin ana ce mata Leopoldville. Duk wanda ya girma yana jin rumbar Kwango a rediyo da kaset, kamar yawancinmu a ƙasar nan, ya san wannan ƙyalƙyalin da ke fitowa daga tsakiyar jitar rakiya, babban yatsa yana buga abin da ya kamata ya zama ƙasa sai ga shi ya fito sama. Wanda bai da kuɗin sayen komai, da tsohuwar tsirkiya ta farko ma zai iya gwada wannan yau.

Nawa saitin ya wuce nan. Shi ne wanda masu ɗaukar waƙa a Nashville ta Amurka suka shahara da shi, har ake kiransa da sunan garin: huɗun ƙasa, Mi, La, Re, Sol, duk a ɗaga su oktaf guda da siraran tsirkiyoyi, a bar Si da Mi na sama yadda suke. Asalinsa daga jita mai tsirkiya 12 ne, a ɗebi siraran a bar masu kaurin. Kamfanin D'Addario yana sayar da ƙunshi na musamman don haka, EJ38H, lambobinsa daga ta farko zuwa ta shida 10, 14, 9, 12, 18, 27. Lambar nan kaurin tsirkiya ce a kashi dubu na inci. Lamba 9 ba ta kai rubu'in milimita ba. Daga cikin shidan, ta shida kaɗai ce mai naɗi.

Samun wannan ƙunshi a nan kuwa wani aiki ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 hanyar kayan kiɗa daga Khartoum ta yanke mana, abin da ake samu sai wanda wani ya riƙo daga Bur Sudan ko Alƙahira, shi ma na kullum ne, ba na musamman ba. To ga dabarar da nake yi, wadda na fi so ma saboda duk sassautawa ce, babu ɗagawa. Ka sami ƙunshin jitar ƙarfe na lamba 12. Ta ukunsa, mai naɗi lamba 24, ka kai ta gurbin ta shida, ka tsayar da ita a Mi, gaɓa uku ƙasa da inda ta saba. Ta biyunsa, lamba 16, ta koma gurbin ta biyar ta zama La, gaɓa biyu ƙasa. Ta farkonsa, lamba 12, ta koma gurbin ta huɗu ta zama Re, ita ma gaɓa biyu ƙasa. Si da Mi na sama, ka bar waɗanda ke kan jitar. Saura ɗaya ke nan, Sol, kuma sai ka nemo mata lamba 9 ko 8 daga ƙunshin jitar lantarki. Idan jitar taka ta lantarki ce, ta shidan ta zama mai naɗin nikel, domin maganaɗisun jitar ba ya kama naɗin tagulla sosai.

Wannan Sol ɗin ita ce mai rigima, kuma a kanta nake so in daɗe. Tana girgiza sau 392 a sakan, ta fi ta farko tsayin murya da gaɓa uku, ita ce ƙololuwar jitar duk da tana zaune a tsakiya. Lamba 9 idan tana kan Mi, jan da take yi bai wuce kilo 6 ba. Ka kai ta Sol, ya haura kilo 8. Ka ce za ka kai ta La, sau 440, ya wuce kilo 10, kuma a nan ƙarfen yake gab da tsinkewa. Mutum zai ce to a sa wadda ta fi siranta. Ba ya fisshe ka. Siririya tana buƙatar ɗauri kaɗan kafin ta kai amon, gaskiya ne, amma ƙarfin da take iya jurewa shi ma ya ragu daidai gwargwadon haka. Mai kauri tana jure ja da yawa, amma tana buƙatar ja da yawa. Saboda haka a tsawon tsirkiyar jita na kullum, wajen milimita 648 zuwa 650, tsirkiyar ƙarfe siririya ce ko mai kauri kusan a wuri ɗaya take tsinkewa, wajen La ɗin nan. Iyakar ta ƙarfen ce da tsawon, ba ta lambar ba. Robert Fripp, makaɗin jita na Ingila, da ya fito da nasa saitin a shekarun 1980, ya so ta farkon ta kai Si na sama, tsirkiyoyi suka yi ta tsinkewa, dole ya dawo da ita Sol. Wanda ke son wuce nan, sai dai ya gajarta tsawo, ko da kafo ko da ƙaramar jita.

Don haka ina lallaɓa ta. Ina naɗa ta a kunne sau biyar ko shida, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, don kada ta zame kuma kada bakin ramin kunnen ya yanke ta. Ina goga bakin fensir a tsagar farin ƙashin da ke saman wuya don ta riƙa sulɓewa. Ina shafa yatsa a kan ƙashin jaki in ji ko akwai kaifi, in akwai in goge shi da takardar yashi mai laushi, domin a waɗannan wurare take yawan tsinkewa. Sannan in kai ta Mi, in bar ta ta huta in sha gahawar jabana, in dawo in kai ta Fa, sai daga baya Sol, fuskata a kauce. Tsirkiyar da ta tsinke tana tsalle, ido kuma ba shi da madadi.

Bayan an ɗaura, jitar kanta tana buƙatar a duba ta. Jan da ke kanta ya ragu sosai, sai wuyan ya miƙe ko ya koma baya, tsirkiyoyi su fara gogar ƙarafan gaɓa suna zizza. Maganinsa a sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuya da rubu'in juyi, a jira kwana guda a gani, ba a yi mata gaggawa. Tsagogin ƙashin sama kuma an yanka su ne don masu kauri, siririya tana iya rawa a ciki. Idan ta dame ka, ɗan ƙyallen takarda a ƙarƙashinta yana riƙe ta kafin ka sami wanda zai yanka maka sabon ƙashi. Jitar roba, mai tsirkiyar nailan, kada a kusance ta da tsirkiyar ƙarfe ko da wasa: yawancinsu ba su da sandar nan a wuya, an gina su ne don jan da bai wuce wajen kilo 40 ba. Ita abin da ya dace da ita shi ne irin na Kwango, a sa nailan ta farko a gurbin ta huɗu a sauke ta Re. Wayar birkin keke da yaran unguwa ke warwarewa suna ɗaura wa jitar gwangwani tana fitar da mutum kunya ranar da babu komai, amma sililin yana fitowa a murɗe, amonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ban yarda a kai shi Sol ba.

Abin da ya sa na riƙe wannan saiti har zuciya ba fita daga hayaniyar orga kaɗai ba ne. Kiɗan Sudan a kan amo biyar yake tafiya, babu rabin mataki, wato tazarar gaɓa ɗaya, a tsakaninsu, kuma yawancin waƙoƙinmu na Hausa da muka gada haka suke. Ka duba tsirkiyoyin jita a sake, ba ka danne komai ba: Mi, Sol, La, Si, Re. Amo biyar ɗin ke nan cif. Suna nan tun asali, amma a saitin kullum sun warwatse a oktaf biyu, mai kauri yana danne siriri, kunne ba ya haɗa su. Da ka ɗaga huɗun ƙasa, sai duk su taru a cikin oktaf ɗaya da 'yan kai, su matso kusa da juna. Ka ja yatsa a kansu sau ɗaya, abin da zai fito tambur ne, mai tsirkiya biyar ɗin nan da mawaƙi Muhammad Wardi ya taso da shi daga arewa, wanda maƙwabtanmu Hadandawa ke kaɗa irinsa suna ce masa basankob. Har salon kaɗa shi yana hawa: hannun dama ya yi ta share tsirkiyoyin duka, yatsun hagu su taɓa waɗanda ba a so su yi shiru, a bar ɗaya ko biyu suna magana. A jitar kullum wannan salo gurnani yake fitarwa. A wannan kuwa tsaf yake fita.

Idan mawaƙiya ta fi sakewa a Do, ina ɗaga ta biyu daga Si zuwa Do, gaɓa ɗaya tak, wanda lamba 14 ko 16 ke ɗauka ba tare da damuwa ba. Sai sakakkun tsirkiyoyin su zama Do, Re, Mi, Sol, La. Sauran wurare kafo ya kai ni. Na gwada wasu saitocin da aka sani, kamar Re, La, Re, Sol, La, Re da Davey Graham ya yaɗa a farkon shekarun 1960 bayan ya saurari masu udu, molon Larabawa, a Maroko, da Re, Sol, Re, Sol, Si, Re na masu kiɗan bulus na Amurka. Duka biyun saukewa ake yi, ba su da haɗari ga itace, suna da daɗi idan mutum yana zaune shi kaɗai. Amma suna sauya maka wurin yatsu gaba ɗaya, ga shi a biki babu lokacin tunani. Nawa kuwa duk kamun da hannu ya sani yana nan inda yake, murya ce kawai ta sauya.

Ina tuna cewa mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, a 1942, tamu ce: Aisha Fallatiya, haifaffiyar garin nan, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato, 'yar'uwarta Jidawiyya tana mata rakiya da udu. Jita ta shigo daga baya, Sharhabil Ahmed ya ba ta gurbi a kiɗan ƙasar nan, matarsa Zakiya tana kaɗa ta tare da shi. Rakiyar muryar mace da tsirkiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ina ganin jitar da aka ɗaga ta fi ta kullum iya wannan aiki, domin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da muryar, tana amsa mata a inda take.

Tana da nata rashin, ba zan ɓoye ba. Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon makaɗin garaya, da iyalinsa suka taso daga Madani a ƙarshen 2023. Na kai masa ita ya ji. Ya saurara har na gama, ya karɓa ya ja babban yatsa a kan ta shida, ya sake ja, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, ta yi zaƙi, amma ba ta da gindi. Kada ka fita da ita kai kaɗai." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Garaya tsirkiya biyu gare ta, amma ɗaya tana riƙe ƙasa ɗaya tana yawo, shi kuwa kunnensa ƙasan yake nema. Jitar nan ta taro ce: tana son jitar bes mai kaurin murya, ko orga, ko wata jitar ta kullum a gefenta. Idan biyun suka kama kamu ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, sai ka rantse jita mai tsirkiya 12 ce, har ta fi ta faɗi domin hannaye biyu ba sa sauka a lokaci guda daidai. Wani abin kuma, idan kana bin karin waƙa daga ta uku zuwa ta biyu, inda ka saba hawa sai ka ji ka sauka. Wannan sai hannu ya saba. Ni na koma bin kari a kan tsirkiya ɗaya ko biyun sama, in bar na tsakiya suna cika.

Sai zafin garin nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 kuma iska ta bushe ƙayau, itace yana tsukewa har bakin ƙarafan gaɓa su fito suna kartar hannu, gam kuma yana laushi idan aka bar jita a cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, ko a jikin bangon da rana ke duka. Da damina ta sauka kogin Gash ya kawo ruwa, itacen ya sha danshi ya kumbura, saiti ya motsa, gumi kuma ya ci siraran tsirkiyoyi da tsatsa cikin 'yan kwanaki, tun da biyar daga cikin shidan ƙarfe ne tsirara. Ina goge su da busasshen ƙyalle sama da ƙasa duk bayan kiɗa, Sol ɗin kuma ina sauke ta gaɓa biyu kafin in mayar da jitar jaka. A aljihun jakar kullum akwai lamba 9 guda biyu a takardarsu, da ƙaramar filaya, domin idan za ta tsinke a tsakiyar biki take tsinkewa, kuma sauya ta ba ya wuce tsawon waƙa ɗaya idan mai orga ya riƙe maka fili.